Kaka a Likitancin Sinawa da Maganin Duwatsu: Tsakanin Kama da Sababi

A lissafin gargajiya na ƙasar Sin, kaka tana kamawa ne wajen 7 ko 8 ga Agusta, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa kuma ko ganye ɗaya bai fara kaɗewa ba. Manoman kwarin Rawayen Kogi, inda lissafin ya samo asali, sun raba shekara zuwa zango 24 bisa tafiyar rana, shida daga cikinsu na kaka ne. Sunayen zangunan kaɗai sun isa su nuna yadda yanayin ke juyawa: shigowar kaka, ƙarewar zafi, farar raɓa, daidaituwar dare da rana wajen 23 ga Satumba, raɓa mai sanyi, sai daskarewar raɓa a ƙarshen Oktoba. Hukumar UNESCO ta sanya wannan lissafi cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma har yau kalandar Sinawa tana ɗauke da shi.

A kan wannan lura da juyawar shekara likitancin Sinawa ya ginu. Babban littafinsa, Huangdi Neijing, ana jingina shi ga wani sarki na zamanin almara, amma masana sun fi karkata ga cewa an tattara shi ne a zamanin daular Han, wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin ya buɗe da tambayar abin da ya sa magabata suka fi na baya tsawon rai, babi na biyu kuma ya shiga bayanin yadda mutum zai tafiyar da kansa a kowane yanayi na shekara. Sinawa suna kiran wannan fanni yangsheng, wato renon rai. A wurinsu gwanin likita shi ne wanda ya tare cuta tun tana nesa.

Kalmomi kaɗan ne ke riƙe da ginin gaba ɗaya. Ta farko qi, wadda ake furtawa kamar "ci". Asalin ma'anarta tururi ko numfashi, amma ta faɗaɗa har ta zama sunan abin da kome ya samu daga gare shi. Gajimare qi ne, ƙarfin da ke cikin hatsi qi ne, haka kuzarin da ke tayar da mutum daga shimfiɗa. Sai yin da yang, waɗanda tun farko suke nufin gefen tsauni mai inuwa da gefen da rana ke bugawa. Yang shi ne zafi da haske da fita waje, yin shi ne sanyi da duhu da komawa ciki. Kaka ita ce lokacin da yang ke ja da baya, yin ke tasowa. Ruwan itace yana sauka zuwa saiwa, hatsi yana shiga rumbu, ƙwari suna neman rami. Tun da ɗan Adam, a wannan fahimta, ƙaramar duniya ne a cikin babba, shi ma ana son ya tattara kansa.

Sai tsarin da ake kira wuxing, matakai biyar na canji: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Ana danganta bunƙasarsa da masanin falsafa Zou Yan na ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kuma a zamanin Han aka shimfiɗa shi a kan kusan kome. Rabon kaka ƙarfe ne. A ƙarƙashin ƙarfe aka jera yamma, da launin fari, da ɗanɗanon yaji, da bushewar iska, da huhu tare da babban hanji, da hanci da fata, da baƙin ciki. Sauran gaɓoɓi ma kowace da nata: hanta da fushi, zuciya da farin ciki, saifa da tunani, ƙoda da tsoro. Ƙarfe aka zaɓar wa kaka domin shi ne lauje, shi ne kuma takobi. Aikinsa yanka da rabewa, a ajiye abin ajiyewa, a zubar da abin zubarwa. Huhu yana shaƙa yana fitarwa, hanji yana riƙewa yana saki, don haka aka ga sun dace da wannan gida.

Wannan tunani bai tsaya a ɗakin likita ba, ya shiga har fada. A tsohon tsarin mulkin Sin ana kiran ma'aikatar hukunci da ofishin kaka, kuma an daɗe ana jinkirta zartar da hukuncin kisa zuwa wannan lokaci, domin kisa a bazara, lokacin da kome ke tsirowa, saɓa wa tafiyar sama ne. A daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, akwai zaman shari'a na musamman da ake yi a Beijing kowace kaka don sake duba hukuncin waɗanda ke jiran kisa. Rubutu ma ya ɗauki abin: harafin Sinanci da ke nufin damuwa haɗi ne na harafin kaka a sama da harafin zuciya a ƙasa.

Abin da ake umartar mutum da shi a aikace ba shi da yawa. Ya kwanta da wuri, ya tashi da asuba, ya rage zafin nema, ya kwantar da hankalinsa. Ya rufe wuya da baya daga iska. A abinci, likitoci irin su Sun Simiao na daular Tang, wanda ya rasu a 682, sun ba da shawarar rage yaji da ƙara tsami, domin yaji yana watsa qi waje alhali lokacin tattarawa ne. Iyalai suna dafa wani ɗan itace mai ruwa-ruwa dangin tuffa, da suke kira li, tare da sukari ko zuma don busasshen tari. Suna cin riɗi, da saiwar bado irin tasu, da wani farin naman kaza mai yauƙi. Ranar tara ga watan tara na kalandarsu, bikin Chongyang, ana hawan tsauni ana kuma ziyartar tsofaffi. A ƙarni na 17 wani likita mai suna Yu Chang ya yi rubutu na musamman a kan bushewar kaka, inda ya yi jayayya da cewa nassin da ya gada ya yi kuskure da ya ɗora cutar kaka a kan danshi, bushewa ce ke cutar da huhu. Wannan gyara yana da muhimmanci, domin ya nuna al'adar tana iya sauraron abin da ido ya gani ko da ya saɓa wa littafi.

A nan ne tambayar falsafa take ɓullowa. Ilimi iri biyu ne aka cakuɗa a cikin koyarwar kaka, kuma masu koyar da ita ba kasafai suke rabe su ba. Na farko lura ne. A arewacin Sin iska tana bushewa bayan ruwan rani, maƙogwaro yana kartawa, fata tana tsagewa, mura da tari suna yawaita yayin da sanyi ke matsowa. Likitancin zamani bai musa wannan ba. An san cututtukan numfashi suna ƙaruwa a ƙasashe masu sanyi daga ƙarshen kaka, an kuma san ƙarancin hasken rana yana jefa wasu mutane cikin ƙuncin rai, yanayin da Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. Na biyu kamantawa ne. Kaka fara ce, huhu fari ne, saboda haka farin abinci yana gyara huhu. Zuma tana sanyaya maƙogwaro, wannan kowa ya gwada ya gani. Amma cewa wani abu yana amfanar huhu saboda launinsa, wannan hujja ce ta daban, kuma Hausawa sun riga sun yanke mata hukunci da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Tarihin tsarin da kansa yana nuna cewa jerin nan aikin hannun mutane ne. Yanayin shekara huɗu ne, matakai biyar, sai aka yanko wani yanki na ƙarshen zafi aka mai da shi yanayi na biyar domin ƙasa ta sami gurbi. A tsofaffin littattafan ibada da suka gabaci Neijing, gaɓar da ake haɗawa da kaka wajen hadaya hanta ce, huhu kuwa yana tare da lokacin zafi. Daga baya ne likitoci suka tsaya a kan jerin da aka sani yau. Sinawa da kansu sun ga wannan rauni tun da wuri. Wang Chong, wanda aka haifa a shekara ta 27 Miladiyya, ya yi tambaya mai kaifi: a lissafin dabbobin shekara ɓera na ruwa ne, doki na wuta, ruwa kuma yana cin wuta, to me ya hana ɓera korar doki? Shekaru kusan dubu biyu ke nan ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba.

Wani gwajin shi ne a fitar da tsarin daga mahaifarsa. Likitancin Yunanawa da Musulmi suka gada suka bunƙasa, wanda Ibn Sina ya tsara a littafinsa al-Ƙanun, shi ma ya siffanta kaka da sanyi da bushewa, ya haɗa ta da sauda, ruwan jikin da ake ɗora wa baƙin ciki. Al'adu biyu masu nisa sun haɗu a kan bushewa da damuwa saboda dukansu sun tashi a ƙasashen da kaka ke zuwa da gajeruwar yini da mutuwar ganye. Amma sun rabu a kan gaɓa, Sinawa suka ce huhu, su Ibn Sina suka ce saifa. Inda suka haɗu lura ce, inda suka rabu ƙirƙira ce. A ƙasar Hausa kuwa kalmar kaka ma wani abu take kawowa zuciya. Lokacin girbi ne, rumbu ya cika, hatsi ya yi araha, 'yan dambe sun fito, ana ta ɗaurin aure. Idan akwai lokacin ƙunci, to tsakiyar damina ne, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Bushewar da Sinawa ke tsoro a kakarsu sai hunturu take isowa nan, da faso da haɓo da tari, kowa ya nemi man kaɗanya. Wanda ya ɗauko jadawalin Rawayen Kogi ya ɗora a kan watannin Kano ko Damagaram ya saɓa wa ainihin abin da jadawalin ke koyarwa, wato mutum ya dubi yanayin inda yake zaune.

Maganin duwatsu, wanda yau ake yawan sayarwa tare da koyarwar kaka a Turai da Amurka, asalinsa daban ne. Gaskiya ne Sinawa suna da doguwar hulɗa da dutse. Sun ɗaukaka wani dutse mai santsi, kore-kore ko fari, da suke kira yu, har suka kamanta shi da halin mutumin kirki. A 1968 aka tono kabarin yarima Liu Sheng a Mancheng, wanda ya rasu a shekara ta 113 kafin Miladiyya, aka same shi cikin riga ta gutsattsarin wannan dutse guda 2,498 da aka ɗinke da zaren zinariya domin kada gawarsa ta ruɓe. Rigar ta tsira, gawar ta zama ƙasa. Likitocinsu kuma sun yi amfani da ma'adinai, amma niƙawa suke yi a sha. Li Shizhen ya lissafa su cikin magunguna 1,892 na babban littafinsa da aka buga a 1596. Wannan hanya ta ci rayuka. A ƙarni na 3 manyan mutane suka rungumi wani haɗi da ake kira garin duwatsu biyar, wanda ke sa jiki ya ɗau zafi mutum ya ji kamar ya sabunta, daga baya ya lalata shi. Sun Simiao ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa. Sarakunan Tang da dama sun mutu sakamakon shan haɗin tsawon rai mai ɗauke da zaiba. Duk da haka, a cikin wannan tarihi ba a san ɗora dutse mai sheƙi a ƙirji don ya daidaita qi a matsayin ginshiƙin likitanci ba.

Wannan salo ya taso ne a Amurka a shekarun 1970 da 1980, cikin wata tafiyar ruhaniya da ake kira Sabon Zamani. Ta ɗebo cibiyoyin jiki da ake kira cakra daga Indiya, ta ɗebo qi daga Sin, ta haɗa da tsofaffin camfe-camfen Turai game da duwatsu, ta lulluɓe su da kalmomin kimiyya irin su makamashi da girgiza. Camfe-camfen suna da tsufa. Kalmar kiristal ta fito ne daga kalmar Yunananci mai nufin ƙanƙara, domin an ɗauka farin dutsen kwaz ruwa ne da ya daskare har abada. Sunan dutsen ametis, mai ruwan shuni, yana nufin wanda bai bugu ba, saboda an yi imani yana hana maye, mai yiwuwa don launinsa ya yi kama da na giyar inabi. Marubucin Rum Filini, tun a ƙarni na 1, ya ƙaryata wannan da'awa. Albiruni a ƙarni na 11 ya rubuta littafi sukutum a kan duwatsu masu daraja, ya auna nauyinsu da ma'aunin ruwa, ya kuma yi watsi da yawancin labaran da ake bayarwa game da ƙarfinsu.

Idan aka haɗa salon da kaka, hanyar zaɓen dutse a fili take. Tun da kaka fara ce kuma ta ƙarfe, sai a ba da farin kwaz ko wani dutse mai ƙyallin ƙarfe. Tun da lokacin baƙin ciki ne, sai a ba da kwaz mai ruwan hoda, launin tausayi. Wasu suna ba da ja da ruwan lemo saboda launin ganyen da ke kaɗewa. Kamantawa ce zalla, an ɗauke ta daga koyarwar Sinawa an bar lurar da ke tallafe da ita. Hujjar kimiyya da aka fi kawowa ita ce agogo. A 1880 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa kwaz yana fitar da ɗan lantarki idan aka matse shi, daga baya kuma suka tabbatar yana motsi idan aka sa masa lantarki. Shi ya sa ɗan guntunsa da ke cikin agogon hannu yake kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Amma batir ne ke kaɗa shi, kuma sai an yanka shi da wani fasali na musamman. Dutsen da ke kwance a tafin hannu ba ya aika kome cikin jiki.

An gwada da'awar kai tsaye. Christopher French na kwalejin Goldsmiths da ke Landan ya ba mutum 80 duwatsu su riƙe su yi shiru na ɗan lokaci, rabinsu kwaz na gaske, rabi gilashi da aka yi kamarsa. Sakamakon da ya gabatar a 2001 ya nuna masu gilashi sun ji ɗumi da tsikar jiki da natsuwa daidai da masu kwaz, kuma waɗanda aka fara gaya wa abin da za su ji sun fi jin sa. Abin da mutanen suka ji gaskiya ne, ba ƙarya suka yi ba. Sai dai daga cikinsu ya fito.

Wannan bai sa lamarin ya zama ƙarami ba, domin jin sauƙi ba abin rainawa ba ne. Amma akwai iyaka, kuma wani bincike a kan huhu ne ya fi fito da ita. A 2011 wasu masu bincike a Harvard, cikinsu har da Ted Kaptchuk wanda shi kansa ya karanci likitancin Sinawa, suka gwada masu ciwon asma da abubuwa huɗu: maganin shaƙa na gaske, na shaƙa marar magani a ciki, tsira allura ta bogi, da zama ba a yi kome ba. Da aka tambayi marasa lafiyar, ukun farko duk sun ba su sauƙi kusan daidai. Da aka auna iskar da huhunsu ke fitarwa, maganin gaske ya ƙara ta da kashi 20 cikin ɗari, sauran kuwa kashi 7 kacal, daidai da wanda ba a yi wa kome ba. Mutum yana iya jin ya warke alhali hanyar numfashinsa tana nan a matse. Haɗarin dogaro da dutse ke nan ga mai asma, ko ga mai tarin da ya wuce mako biyu wanda ya kamata a gwada shi don tarin fuka.

Ga mai addini tambayar tana da wani gefen. Musulunci ya kwaɗaitar da neman magani, bai kuma damu da ƙasar da maganin ya fito ba. Abin da malamai suka tsaya a kai shi ne sababi. Da yawansu sun shimfiɗa ƙa'ida cewa ba a riƙon abu a matsayin sababin waraka sai ya tabbata ta ɗayan hanya biyu, ko ta nassi ko ta gwaji bayyananne. Wanda ya rataya abu yana jiran ya kare shi, alhali babu ɗayan biyun, ya ƙulla zuciyarsa ga abin da ba sababi ba, idan kuma ya ƙudurta cewa abin da kansa yake warkarwa, ya taɓa tauhidinsa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, lokacin da ya sumbaci Hajarul Aswad, ya bayyana a fili cewa ya san dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Manzon Allah (SAW) ne kawai ya sa shi yin haka. Sanya zobe mai dutse don ado kuwa halal ne, ko da yake malaman hadisi da dama sun raunana ruwayoyin da ke ba dutsen aƙiƙ falala ta musamman. A ɓangaren Kirista ma, fadar Paparoma ta fitar da wata takarda a 2003 tana jan hankalin mabiya game da tafiyar Sabon Zamani.

Tsohuwar muhawarar masana Musulunci a kan sababi tana ƙara haske a nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce wuta ba ita ke ƙona auduga da kanta ba, Allah ne ke halittar ƙonewar a duk lokacin da suka haɗu, bisa al'adar da Ya gudanar. Ibn Rushd ya mayar masa da cewa musun ɗabi'ar abubuwa musun ilimi ne. Sun yi saɓani a kan wanda ke aikatawa, amma dukansu sun yarda cewa auduga tana ƙonewa kowane lokaci, kuma a kan wannan maimaituwar ake gina magani. Dutsen da bai fi gilashi tasiri ba ya faɗi a ma'aunin Gazali kamar yadda ya faɗi a na Ibn Rushd. Qi da yin da yang kuwa lamarinsu ya fi sassauci, domin ana iya ɗaukarsu a matsayin harshen siffanta halitta ba tare da an mai da su abin bauta ba. Malaman Musulmin Sin irin su Liu Zhi, a farkon ƙarni na 18, sun yi rubutu da waɗannan kalmomi suna sanya su a ƙarƙashin Mahalicci ɗaya.

Ma'aunin gwaji bai zalunci likitancin Sinawa ba, ya tace shi ne. Tu Youyou da abokan aikinta sun bi dubban tsofaffin haɗe-haɗe suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro. A rubutun Ge Hong na ƙarni na 4 ta ga ana jiƙa wani ganye dangin tazargade a ruwa a matse ba tare da an tafasa ba, ta gane cewa zafi ne ke lalata sinadarin. Daga nan aka sami atemisinin, wanda yau shi ne ginshiƙin maganin maleriya a asibitocin Afirka, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ma'aunin nan dai shi ne ya tona asirin wani tsiro da aka sa cikin maganin rage ƙiba a Beljiyam a farkon shekarun 1990, wanda ya lalata ƙodar mata fiye da ɗari. Tsufan magani ba ya wanke shi, kamar yadda ba ya kayar da shi.

Akwai kuma abin da koyarwar kaka ke ɗauke da shi wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji, kuma shi ne mafi daraja a cikinta. Ta ba baƙin ciki gurbi a cikin shekara. Ba ta ɗauke shi a matsayin lalacewar da za a gaggauta gyarawa ba, ta ajiye shi kusa da girbi, a matsayin abin da ke zuwa idan abu ya cika ya fara rabuwa da mai shi. Abin da take tsoro shi ne ya wuce kima ko ya maƙale. Ta kuma koyar da cewa ƙarfin mutum ba ɗaya ba ne a duk shekara, akwai lokacin fita da lokacin komawa gida. Ga mutumin birni da ke aiki ƙarƙashin hasken lantarki iri ɗaya daga Janairu zuwa Disamba, wannan tunatarwa ce mai amfani, kuma ba mamaki ita ce ke jan mutane zuwa shagunan duwatsu tun farko. Mai riƙe da dutse yana zaune shiru na minti goma yana numfashi a hankali, abin da wataƙila bai yi ba duk yinin. Zaman da numfashin suna aiki ko da hannunsa wayam ne.

Masu tafiyar Sabon Zamani suna yawan cewa lafiya gaba ɗaya ce, jiki da rai da muhalli ba sa rabuwa. Idan aka ɗauki maganar da gaske, dole ta haɗa da inda dutsen ya fito. Wata babbar kasuwar kiristal tana gundumar Donghai ta lardin Jiangsu a ƙasar Sin, inda ake yanka da goge duwatsun da aka kwaso daga Barazil da Madagaska da wasu ƙasashe. Binciken da jaridar Guardian ta buga a 2019 ya nuna yadda ake haƙar kwaz mai ruwan hoda a Madagaska da hannu, cikin ramuka marasa tokari da ke rubzawa, yara na cikin masu aikin, ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙurar kwaz kuma, idan aka daɗe ana shaƙarta wajen haƙa ko gugawa, tana taruwa a huhu ta sandarar da shi, cutar da har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba.